Yadda ake karanta kufan Vettones da bijiman dutsensu a yammacin Sifaniya

Wanda ya je kufan Vettones da niyyar ganin gini irin na Rumawa, mai dogayen ginshiƙai da rubutu a jikin bango, zai hau dutse ya sauko yana cewa tarin duwatsu kawai ya gani. Mutanen nan makiyaya ne kafin komai, shanu da aladu da tumaki su ne dukiyarsu, kuma ba su bar rubutu da harshensu ba. Don haka idon makiyayi ake shiga garuruwansu da shi: ina ruwa, ina ciyawar rani, ina ake kwantar da garke, ta ina maharan shanu za su ɓullo.

Sun zauna a tudun yammacin Sifaniya, tsakanin kogin Duero a arewa da kogin Tajo a kudu, wato lardunan Avila da Salamanca na yau, da wani yanki na Caceres da Toledo da Zamora, har zuwa bakin iyakar Fotugal. Zamaninsu ya kama daga wajen ƙarni na 5 kafin Miladiyya zuwa lokacin da Rumawa suka haɗiye su cikin lardin Lusitaniya. Garinsu mai ganuwa a kan tudu ana kiransa castro da Sifaniyanci, gunkin dabbar da suka sassaƙa kuma verraco, ana furta shi berako. Kalmomin nan biyu su ne a allunan hanya, sai a riƙe su.

Shiri kafin fita

A yada zango a birnin Avila, tafiyar kamar kilomita 110 daga Madrid. Manyan kufai uku, Las Cogotas da La Mesa de Miranda da Ulaca, duk suna kewaye da birnin, amma sai da mota, domin bas ba ya kai mutum gindin dutsen. Kwana biyu sun isa waɗannan ukun. Mai son haɗawa da kufan El Raso da bijiman dutse na Guisando ya ƙara kwana ɗaya.

Lokacin da ya fi shi ne Mayu zuwa Yuni, ko Satumba zuwa Oktoba. Avila kanta tana sama da mita 1,100 daga teku, Ulaca kuwa ta kai mita 1,500, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ƙanƙara da iska mai yankan fuska, kuma jiƙaƙƙen falalen dutse santsi gare shi. A Yuli da Agusta rana ce matsalar, ba inuwa a saman. A ɗauki ruwa aƙalla lita 2 ga kowane mutum, da takalmi mai kama ƙasa, da hula, da awon tela na mita 3 ko 5.

Kada a fara da dutsen. A fara da gidan tarihi na lardin Avila da ma'ajiyarsa da ke tsohuwar majami'ar Santo Tome, inda aka jera gumakan verraco gefe da gefe, sai kuma baje kolin Vettonia da ke Torreon de los Guzmanes. Dalili shi ne duk abin da aka tono an kwashe shi: takubba masu ƙaho biyu a kan ƙota, linzamin doki, tukwanen da aka yi wa zane da haƙoran mataji, dutsen niƙa mai juyawa. Wanda bai ga waɗannan ba zai tsaya a tsakiyar gida bai san yana cikin gida ba. Ranar Litinin gidan tarihin a rufe yake.

Ganuwa daga waje ake karanta ta

Las Cogotas ta fi dacewa da mai koyo, tana kusa da Cardenosa, kamar kilomita 10 arewa da Avila, a saman kogin Adaja. Juan Cabre ne ya tona ta daga 1927, kuma da sunanta masana ke kiran al'adar Vettones gaba ɗaya, Cogotas ta biyu.

Kafin a shiga ƙofa, a tsaya taki ɗari daga ganuwa a dubi ƙasa. Za a ga fili cike da duwatsu masu tsini an kafa su a tsaye, kusa da kusa, yawancinsu ba su wuce gwiwa ko ƙugu ba. Ana ce musu piedras hincadas. Mutane da yawa suna bi ta cikinsu a zaton haka Allah ya halicci wurin. Abin da ke bambanta su da dutsen da ya gangaro shi ne a tsaye suke, kuma suna taruwa ne a gefen da hawa ya fi sauƙi da gaban ƙofofi. An daɗe ana cewa don hana dawakai aka yi su. Amma ba mai kai wa ganuwa hari a kan doki, shi ya sa bayanin da ya fi shiga hankali shi ne dakaru ake so su rage gudu suna kallon ƙafafunsu, daidai inda mashi da majajjawar masu gari ke isa.

Ganuwar kanta ba yumɓu ba siminti. Bango biyu ne na manyan duwatsu, ɗaya ciki ɗaya waje, aka cika tsakaninsu da ƙananan duwatsu da ƙasa, kaurinta a wurare da yawa mita 4 zuwa 8. A auna kauri a wuri biyu ko uku: inda ta kumbura, nan ne suke jin tsoro. A lura kuma da ƙofa. Wata bangon na lanƙwasowa ciki ta zama kamar mazurari, wata kuma bango ɗaya ya wuce ɗan'uwansa, mai shiga sai ya bi ta wani lungu yana juya gefensa ga masu tsaro. Wani gargaɗi: sashen da ya fi kyau da tsari sau da yawa gyaran zamani ne. A dubi gansakuka a jikin dutse, jeren ƙasa mai tsohuwar gansakuka shi ne na asali.

Garuruwan nan ba ganuwa ɗaya suke da ita ba. Las Cogotas na da zagaye biyu, La Mesa de Miranda uku. Da can an ɗauka zagaye na biyu na Las Cogotas shingen shanu ne kawai, sai tonon shekarun 1980 ya fito da wurin ginin tukwane da babban juji a ciki. Darasin da ke nan shi ne fili mara gini a ido ba ya nufin ba a yi komai a cikinsa ba.

A La Mesa de Miranda, kusa da Chamartin, akwai abin da bai kamata a wuce ba. Maƙabartar La Osera, wadda aka tono sama da kabari 2,000 a cikinta, tana wajen ƙofa, kuma ganuwa ta uku mai manya-manyan duwatsu an ɗora ta ne a kan wani sashe na kaburburan. Ko ba littafi mutum ya san wanda ya riga wani: gari ya faɗaɗa har ya hau kan matattunsa. Ƙona gawa suke yi, su zuba toka a tukunya, su binne, su rufe da duwatsu. Kaburbura masu makamai kaɗan ne, mafi yawa ba komai a ciki sai tukunyar, ko ɗan abin ado. Wanda ya fito daga gidan tarihi da tunanin kowane namiji mai takobi ne, a nan zai gyara lissafi.

Ulaca

Ita ce babba, sama da hekta 60, da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 3, da tushen gidaje wajen 250. Daga Avila a nufi Solosancho, sai ƙauyen Villaviciosa, a ajiye mota a hau da ƙafa. A ware minti 40 zuwa awa ɗaya don hawan, da aƙalla awa biyu a sama. Wanda ya taɓa hawa Kufena ko Dala ya san amfanin irin wannan mazauni: duk kwarin Ambles na ƙarƙashin ido.

Wurin yanka na bauta shi ne abin da kowa ke zuwa gani. Wani ƙaton dutse ne aka sare, aka yi masa matakala biyu gefe da gefe, a samansa akwai ramuka masu haɗe da juna yadda abin da aka zuba zai gangara daga wannan zuwa wancan har ƙasa. A bi hanyar gangarowar da ido, shi ne hujjar cewa hannu ne ya yi. Wannan na da muhimmanci, domin dutsen giranit na yin ramuka da kansa inda ruwan sama ke kwanciya, kuma Ulaca cike take da su. Ramin ruwan sama bakinsa sumul ne, ba tsari. Na mutum yana da kusurwa ko magudana, kuma yana tare da wani aikin sassaƙa. Plutarch, marubucin Girka na zamanin Rumawa, ya rubuta cewa Rumawa sun hana mutanen Bletisa, wadda ake ɗauka Ledesma ce ta yau, yanka mutane don bauta, amma wannan ba hujja ba ce a kan abin da aka yanka a wannan dutsen.

Kaɗan daga nan akwai wani rami da aka sare a dutse mai sassa uku: murhu, ɗaki mai wurin zama biyu, da zaure. Sunansa na gargajiya La Fragua, wato maƙera, domin haka aka zata. Yanzu masana sun fi karkata ga cewa ɗakin wankan tururi ne, mai yiwuwa na shigar da samari cikin mayaƙa, kuma Strabo, masanin labarin ƙasa na Girka a zamanin Rumawa, ya ambaci cewa mutanen bakin Duero na surace da duwatsun da aka gasa. Kafin a sauko a nemi wuraren fasa dutse: jerin ƙananan ramuka a layi ɗaya inda aka kafa weji, da tubalan da aka tsaga aka bari ba a ɗauka ba.

Gidajen masu kusurwa huɗu ne. Dutsen da ake gani tushe ne kawai, saman bangon na laka ne ko tubali, rufin na itace da ciyawa, duk sun narke. Mai son ganin gida a tsaye ya tsallaka tsaunin Gredos zuwa El Raso, kusa da Candeleda, inda aka sake gina wasu, da murhu a ɗakin tsakiya da dakali a jikin bango.

Yadda ake duba verraco

An san fiye da 400. Mataki na farko shi ne gane dabbar, kuma a nan aka fi kuskure, domin kai ne ke fara karyewa. Kada mai sanin shanun Fulani ya nemi tozo, shanun can ba su da shi. Alamar bijimi ita ce fatar da ke reto daga wuya zuwa ƙirji, da gurbin ƙaho. Alade kuwa dogon hanci, haure in ya tsira, doron baya mai kaifi, wani lokaci ƙafafu a miƙe gaba kamar mai shirin kai hari. A zagaya ta baya, domin masu sassaƙa sun fito da alamar namiji a fili.

Sai awo. A auna tsawo daga hanci zuwa gindi, da tsayi har da dakalin da dabbar ke kai, tun da dutse ɗaya ne. Manya, masu mita 2 ko fiye, waɗanda aka yi wa aiki mai kyau, su ne tsofaffi. Na Villanueva del Campillo ya kai kusan mita 2.5. Ƙanana, masu kamar mita ɗaya ko ƙasa, masu siffar akwati, yawanci na zamanin Rumawa ne kuma na kabari: a Martiherrero, kusa da Avila, an same su tare da duwatsu masu ramin zuba tokar mamaci. A duba kuma ƙarƙashin ciki, ko an huda tsakanin ciki da dakali ko an bar dutse ya tokare.

Tambaya ta uku ita ce ta fi duka: nan aka kafa shi tun asali? Yawanci a'a. An ja su zuwa dandali da ƙofar fada, wasu an cusa su cikin ganuwar Avila a matsayin dutsen gini. Na gadar Salamanca an jefa shi kogin Tormes a 1834, sai 1867 aka tsamo shi, ba kai. Hatta bijimai huɗu na Guisando da ke El Tiemblo, inda a 1468 Sarki Enrique na huɗu ya amince da 'yar'uwarsa Isabel a matsayin magajiya, ana ganin tara su aka yi daga baya. Wanda ba a shakkar wurinsa shi ne na ƙofar San Vicente a Avila, da aka gano a 1999, domin a jikin falalen dutsen wurin aka sassaƙa shi. Amfanin tambayar shi ne masanin kayan tarihi Jesus Alvarez-Sanchis ya nuna cewa manyan gumakan kwarin Ambles da aka san asalin wurinsu suna kusa da makiyaya mai kyau da mashaya, a inda ake hango su daga nesa. Alamar mallakar ciyawa ke nan. Idan aka iske ɗaya a daji, a juya masa baya a dubi abin da ke kewaye da shi.

Rubutun Latin a jikin gunki ba ya nuna ranar sassaƙa shi, ana iya ƙara shi bayan ɗaruruwan shekaru. A ɗaya daga bijiman Guisando wani Longinus ya rubuta sunan mahaifinsa Prisco da na zuriyarsu, Calaeticos. Da tsakar rana ba a ganin irin wannan rubutu, sai da hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa ta gefe. Kada a goga alli ko a kankare gansakuka don hoto ya fito, fatar dutsen ce ke tafiya.

Tsingaro na warwatse a ƙasa a duk waɗannan wurare. A duba, a ɗauki hoto, a bar shi inda yake. Dokar kayan tarihi ta Sifaniya ta hana ɗauka da tono da yawo da na'urar neman ƙarfe ba izini, kuma akwai tara. Shanu na kiwo a kan tuddan har yau, don haka duk ƙofar shingen da aka buɗe a rufe ta, a kuma ba saniya mai ɗan maraƙi hanya.