In kana jin ticha kake son zama, ga ta inda za ka fara

Ƙannena na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, Ghana, da kuka gama SHS, wato babbar sakandare, kuna zaune gida, da yawanku koyarwa tana ranku amma kunya ta hana ku faɗa, wai kar a ce rasa abin yi kuka yi. To ku matso.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya a kan fom, fara gwada kanka. Tara yara biyar ko shida na gidanku bayan la'asar, ka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ka koya musu lissafin raba lamba. Za ka samu guda wanda ka maimaita masa har bakinka ya bushe amma yana kallonka da baki buɗe, fensir a hanci. Wannan yaron shi ne jarabawarka. In ranka ya ɓaci har hannunka ya fara neman bulala, dakata tukuna. In kuwa ka tsinci kanka kana ɗebo duwatsu ko murfin kwalba kana kasa masa kashi-kashi don ya gani da idonsa, kuma da ya gane ka ji daɗi ya fi nasa, to abin yana jikinka. Ka roƙi malamin makarantar unguwa ya bar ka ka riƙe masa ƙananan aji Asabar da Lahadi, ka yi wata biyu haka, don zumuɗin sati ɗaya ba ya nuna komai.

Sai takardu. Kwalejin horar da malamai tana neman WASSCE, wato jarabawar gama sakandare, mai kiredit shida, A1 zuwa C6, uku a darussan dole har da Turanci da lissafi, uku a zaɓaɓɓu. In lissafi ya kayar da kai, je ka sake rubutawa a Nov/Dec, wato WASSCE ta masu zaman kansu, ba abin kunya ba ne wallahi. Tun 2018 kwalejojin nan digiri suke bayarwa na shekara huɗu, ba difloma ba kamar da. Nan Kumasi akwai Wesley, akwai St. Louis ta mata zalla, in kuma iyaye sun fi natsuwa da ta Musulmi akwai Al-Faruq a Wenchi. Za ka zaɓi ko ƙananan yara, ko firamare ta sama, ko JHS, wato ƙaramar sakandare, kuma a nan ne gwajin tabarmar zai yi maka amfani, domin mai haƙuri da ɗan shekara biyar daban, mai iya riƙe ɗan shekara goma sha huɗu da ya fara jin kansa daban. Kar ka zaɓa don abokinka ya zaɓa.

Bayan digiri akwai lasin na NTC, majalisar da ke ba malamai lasin, da shekara ɗaya ta bautar ƙasa, sannan jiran GES, hukumar ilimi ta Ghana, ta ɗauka.

Maganar fostin, wato inda za a tura ka aiki, ita ce ya kamata ka yi da Hajiya tun yanzu, musamman ke ƙanwata. Ba lallai a bar ki Kumasi ba, ana iya tura ki ƙauyen da mota ke shiga ranar kasuwa kawai, kuma albashin farko kan yi jinkiri. Ki ajiye ɗan abin da zai riƙe ki watannin farko, ki kuma nemi wata tsohuwar ticha a zango ta zaunar da su Baba ta yi musu bayani, sun fi jin ta bakinta.