Yadda ake tace labarin sabuwar Camry kafin ka saki kuɗinka

Da zarar an fara raɗe-raɗin cewa Toyota za ta sake wa Camry fasali, abu biyu ke faruwa a Yamai. Mai kuɗi a hannu ya naɗe hannu yana jiran tsohuwar ta karye, wasu dillalai kuma su fara yi wa motocinsu kwalliya don su wuce a matsayin sabon fita. Na ga ƴan'uwa da yawa sun faɗa ɗaya daga cikin ramukan nan, kuma yawancinsu masu sayen motar farko ne.

Ka fara da hoton da aka turo maka a WhatsApp ko aka nuna maka a fada. Hotunan nan iri uku ne. Akwai zanen kwamfuta, wanda wani ya zauna ya ƙirƙira bisa hasashensa. Za ka gan shi yana walƙiya, ba ƙura, ba mutum ko ɗaya a gefe, wani lokaci ma rubutun jikin motar a karkace. Wannan ka share shi. Akwai motar gwaji da aka lulluɓe da leda mai zanen baƙi da fari aka ɗauka a kan hanya; wannan shaida ce cewa ana aiki, amma ba ta faɗa maka rana ba. Na uku shi ne wanda kamfanin ya fitar da kansa. Ni dai in ban ga na ukun ba, ba na canza lissafina ko da dala ɗaya.

Daga nan sai ka ƙirga shekaru. A kasuwar Amurka, inda yawancin Camry ɗinmu ke fitowa, an yi sabon jiki a samfurin 2007, da 2012, da 2018, sai 2025. A tsakani akwai gyaran fuska a 2010, 2015 da 2021: fitilu, bamba, ɗan canji a ciki. Ke nan abin da ke biyo bayan sabon jiki da kamar shekara uku gyaran fuska ne. Wanda ya ce maka gobe za a rushe motar a sake gina ta daga tushe, ka tambaye shi inda ya ji. Samfurin 2025 an nuna shi a Nuwamban 2023 a Los Anjalis, kuma a Amurka an daina sa wa Camry injin V6 mai silinda shida, duk sababbinta sun koma masu haɗa mai da batir.

Yanzu ga inda mutane suka fi ƙonewa, kuma nan nake so ka nutsu. Jita-jitar sabon fasali tana sa ido ya koma kan fuskar mota, alhali fuska ita ce abin da ya fi sauƙin canzawa. Ana ɗaukar Camry 2012 a sa mata bamba da fitilu irin na baya-bayan nan, a fesa fenti, a ce maka 2016 ce. Kada ka yi gardama da dillali, kada ma ka kalli fitilar. Je gefen direba, ka leƙa ƙasan gilashin gaba, akwai lambar shasi mai harafi da lamba 17. Ka ƙirga da yatsa zuwa na goma. A motar Amurka wannan shi ne shekarar samfuri: 7, 8 da 9 su ne 2007 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har H 2017. Babu I a lissafin, daga H sai J, wato 2018, sannan K 2019, L 2020, M 2021. Nan ne masu ƙirga da ka suke tsallake shekara guda. Sai ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne mai ɗauke da wannan lamba tare da wata da shekarar ƙira. In takardar ta yi kamar an ɓamɓare ta an mayar, ko fenti ya hau gefenta, ka gode wa mai mota ka tafi. Lambar gilashi, ta ƙofa, da ta takardun duwan dole su zama ɗaya harafi bayan harafi. Ka ɗauke su hoto da wayarka ka gwada a inuwa, ba a tsaye cikin rana dillali na ce maka "Alhaji, wani na kan hanya da kuɗi" ba. Lambar da ta fara da 4T ƙirar Amurka ce, mai farawa da J ta Japon ce.

Wannan dubawa ba ta cin ko sisi, amma bambancin kuɗin da ke tsakanin C (2012) da G (2016) ya isa ya ciyar da gida watanni.

Game da jiran farashi ya sauka, shawarata kada ka jira. Sabuwar da aka nuna a Amurka sai ta yi shekaru a hannun masu ita kafin ta shigo gwanjo ta hau jirgin ruwa. Abin da ke motsa farashi a nan shi ne dalar Amurka, kuɗin jirgi, duwan, da hanya. Tun da iyakar Gaya da Malanbil ta rufe a 2023 kaya suka karkata ta Lome da Burkina, kuma wannan ya fi kowane zanen kwamfuta tasiri a aljihunka.

In kuma zuciyarka ta kwanta da mai haɗa mai da batir, tana rage shan mai a cunkoson gari, gaskiya ne. Sai dai batirinta yana shan iska ta wata kafa kusa da kujerar baya, kuma ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu ba sa raga masa. Kafin ka biya, ka nemo makaniken da ke da na'urar duba ta, ka ji kuɗin batir daga bakinsa. Mutumin Tawa da ke zirga-zirga zuwa Ƙwanni, ni inji mai silinda huɗu na 2.5 nake zaɓa masa, don kayan gyaransa suna shigowa ta Illela ta Nijeriya.

Sauran aikin ka san shi. Ka tayar da ita da sanyin safiya, ka kunna sanyi ka bar ta a tsaye ka ga ko allurar zafi za ta motsa, ka ɗaga kafet ka shinshina ko ta taɓa shan ambaliya, sannan a je canjin suna a kart giriz da asirans a ranar da aka biya.