Yadda ake canza tiyon man sitiyari a gida

Kafin a taɓa sifana, a tabbatar tiyon ne yake yoyo. Man sitiyari yana bin jikin ƙarfe ya ɗiga nesa da inda ya fito, shi ya sa wani zai sayi sabon tiyo alhali sil (robar hana yoyo) ɗin famfon da ke tura man ne ya mutu. A wanke wurin da maganin maiƙo, a bari ya bushe, a tada injin, wani ya riƙa juya sitiyari kai kuma kana haska tocila. Inda ya fara jiƙewa, nan ne ciwon. Kada ka kai hannu kana laluben huda injin na aiki, domin matsin da ke cikin tiyon nan yakan haura psi 1,000 (psi ma'aunin matsi ne), kuma mai da irin wannan ƙarfi yana iya huda fata.

Tiyo biyu ne. Na dawo da mai zuwa ɗan tanki roba ce kawai da kilif a bakinta, canza shi aikin minti ashirin ne. Mai wahalar shi ne na matsi, wanda ya taso daga famfo zuwa rak, wato sandar da ke karkatar da tayoyin gaba. Tiyon yana da bakin bututun ƙarfe da aka matse da na'ura. Yawanci a daidai matsewar nan yake fara tsattsafo. Ba a ɗaure shi da waya, ba a naɗa masa salatif, ba a yanke shi a sa kilif. Canzawa ake yi. Akwai masu kai tsohon a sake matsa masa sabuwar roba don sauƙin kuɗi, kuma yana yi idan robar ta ainihin matsi ce, amma sabo ya fi kwanciyar hankali.

Kayan aiki: jak da ƙafafun tokare mota guda biyu, kwanon tare mai, sirinji babba, tsumma, da sifanar bututu, wato mai kama da zobe amma da tsaga a baki. Wannan sifana dole ce. Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa, notin bakin tiyon kuwa ƙarfensa mai laushi ne, zamewa ɗaya ta isa ta cinye kusurwoyinsa. Girman yakan faɗa tsakanin milimita 14 zuwa 18. Sai mai lita ɗaya, irin wanda aka rubuta a murfin tankin. Wasu motoci suna shan ATF na Dexron, wato man giyar otomatik, Honda tana da nata man, wasu motocin Turai kuma CHF 11S suke so, mai launin kore. Ba a gauraya su.

A bar injin ya huce, a ɗaga gaban mota a tokare, a zuƙe man tanki da sirinji. Ɗauki hoton yadda tsohon tiyo ya bi, da kowane maƙali da ya riƙe shi. Fesa man sassauta tsatsa a notin rak, ka ba shi kwatan awa. Fara kwance ɓangaren rak don man ya zuba a kwano, sannan na famfo. In akwai sansa mai auna matsi a jikin tiyon, cire soket ɗin wayarta, ka mayar da ita kan sabon. In noti ya ƙi, tunda tsohon tiyo na shara ne, yanke bututun dab da notin ka sa masa sifanar soket mai kusurwa shida.

Ajiye tsoho da sabo gefe da gefe. Lanƙwasa, tsawo, da bakin zare duk su zo ɗaya. Sai ka leƙa ramin rak da tocila, domin tsohon zoben roba yakan maƙale a ciki. In ka ɗora sabo a kansa, yoyo zai dawo, ka ɗauka tiyon ne jabu.

A nan ne masu koyo suke yin ɓarnar da ta fi kuɗin tiyon sau da yawa. Jikin rak a motoci da dama alminiyom ne, notin kuma ƙarfe. Wurin ƙunci ne, hannu ba ya shiga sosai, bututun kuma yana ja gefe. Mutum ya ji noti ya ɗan kama, sai ya ɗauko sifana ya fara murɗawa, yana jin tauri yana ɗauka shiga yake yi. Zare yake ci. In zaren rak ya tafi, maganar ta koma sauke rak gaba ɗaya.

Ga yadda ake kauce wa hakan. Kada ka ɗaure maƙali ko ɗaya tukuna, kuma kada ka ɗaure ɓangaren famfo. Bar tiyon yana lilo don bututun ya samu damar miƙewa. Shafa wa sabon zoben roba man sitiyari, ka tura bakin bututun ya zauna a ramin tsaf, sannan ka zuro notin. Juya shi baya kaɗan da yatsu har ka ji ya yi ƙas, alamar bakin zare ya haɗu, sai ka juya gaba. Dole ya yi zagaye uku ko huɗu da yatsu zalla. In ya cije a zagaye na farko, a karkace yake, fito da shi ka sake. Ko sau goma ne, sake. Yana taimakawa ka riƙa girgiza bututun da ɗayan hannun kana juyawa. Sifana ba ta zuwa sai noti ya kusa zama.

Kuma ba ƙarfi ne ke hana yoyo ba, zoben robar ne. Ɗaure shi ya zauna daram, ka ƙara ɗan kaɗan, ka tsaya. Salatif ɗin masu gyaran famfon ruwa ba shi da gurbi a nan, ɓarɓashinsa yana toshe bawul. In ɓangaren famfo bolti mai rami ne, washa biyu na jan ƙarfe yake ɗauka, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sababbi. Tsofaffin sun riga sun matse.

Yanzu mayar da maƙalai duka. Tiyon kada ya goga bel, kada ya kusanci bututun salansa, domin man nan yana kamawa da wuta.

Saura fitar da iska. Cika tanki, tayoyi na sama, injin a kashe, juya sitiyari daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama a hankali kamar sau ashirin, kana ƙara mai duk sanda ya sauka. Sai ka tada injin na 'yan daƙiƙu ka kashe ka duba. Kumfa ko kukan famfo na nufin da sauran iska, bari ya lafa rabin awa ka maimaita. Kada ka danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar. Sauke mota, zagaya kaɗan, goge bakunan biyu da farin tsumma, washegari ka sake duba ma'aunin man.