Haɗa kwamfutar tebur a Legas: yadda za ka zaɓi kayan da suka dace da juna, da abin yi in ta ƙi tashi

Jama'a salamu alaikum. Masu son haɗa kwamfutar tebur da hannunsu a nan Legas sai ƙaruwa suke, wasu don editin bidiyo, wasu zane, wasu kuma gem ne kawai. Shawarata ta farko ita ce kar ka sauka Ikeja sai da takarda a aljihu wadda ka rubuta sunan kowane kaya da lambarsa, saboda in ka shiga Computer Village, babbar kasuwar kwamfuta da waya ta Ikeja, ba ka san abin da kake nema ba, yaran nan masu tare mutum tun daga bakin titin Otigba su za su zaɓa maka, kuma abin da ke shagon ogansu za su zaɓa, ya dace da naka ko bai dace ba.

Farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ake fara zaɓa, sannan a nemo madabod (bod), wato babban allon da ake jona duk kayan a kai, wanda soket ɗinsa, wato mazaunin farosesa, ya yi daidai da ita. Farosesocin kamfanin Intel ƙarni na 12 da 13 da 14 duk soket mai suna LGA1700 suke hawa, na 10 da 11 kuma LGA1200, ba sa shiga wajen juna. A farosesocin kamfanin AMD, Ryzen 5000 zuwa ƙasa soket ɗinsu AM4 ne, daga 7000 kuma AM5. Amma fa ko soket ya zo ɗaya ba shi ke nan ba, misali bod ɗin B450 da ya daɗe a ajiye zai iya ƙin tashi da Ryzen 5 5600 har sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin mai tada kwamfuta, to ka sa mai shagon ya sabunta a gabanka ko ya ɗora farosesar ka ga hoto ya fito kafin ka tura kuɗi.

In tokumbo za ka saya, wato kayan da aka riga aka yi amfani da su, wanda gaskiya shi yawancinmu muke iya wa kuɗi yanzu, kunna tocilan wayarka ka karkata bod ɗin ka haska cikin soket daga gefe. Ƙananan filolin nan na zinare ya kamata su kwanta layi ɗaya suna ƙyalli iri ɗaya, in ka ga wani ɗigo yana ƙyalli daban da 'yan uwansa to ya lanƙwashe, ajiye masa kayansa. A Intel da AM5 filolin suna jikin bod, a AM4 kuma suna ƙarƙashin farosesar, sai ka juya ta ka duba.

Ram kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, nan ne mutane suke yawan asarar kuɗi a banza. Nau'o'insa DDR4 da DDR5 tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, in ka matsa da ƙarfi karyawa za ka yi. AM4 DDR4 ne, AM5 DDR5 ne kaɗai, shi kuwa LGA1700 akwai bod mai DDR4 akwai mai DDR5, sai ka karanta jikin kwalin da kyau. Kar kuma a ba ka gajeren ram na laftof. Ni dai na fi son 8GB guda biyu iri ɗaya a kan 16GB guda ɗaya, sun fi gudu in suna aiki tare, kuma in bod ɗin mai rami huɗu ne yawanci na biyu da na huɗu ake sakawa, wato A2 da B2.

Abu ɗaya da ake mantawa: ba kowace farosesa ke fitar da hoto da kanta ba. Intel mai F a ƙarshe, kamar i5-12400F, dole sai da girafik kad, wato katin da ke fitar da hoto zuwa monita. Ryzen 5 5600 ma haka, 5600G ce mai hoto a ciki. In kuɗinka bai kai na kad ba tukunna, ɗauki mai hoton ka fara aiki, kad ya zo daga baya. Kes kuwa, wato akwatin da ake ɗaure kayan a ciki, ba wahala, ka tabbata dai girman bod ɗin ya shiga, ATX ko micro-ATX, sannan ka auna tsawon kad ɗin. A Legas da zafi da gumin nan, kes mai raga a gaba ya fi mai gilashi a rufe ruf.

Yanzu fawa saflai, wato akwatin da ke rarraba wa kayan wuta, don Allah ɗan uwa a nan kar ka yi rowa. Za ka ga mutum ya zuba dubban ɗaruruwa a kad da farosesa sannan ya ɗauko fawa mara suna mai sauƙi kamar gwangwanin madara, an rubuta 650W a jiki alhali ba zai iya ba da rabin haka ba. A garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfi, a juya zuwa janareto a sake juyowa, wannan akwatin shi ke tsaye tsakanin kayanka da ƙonewa, kuma in mara kyau ya tashi mutuwa yakan tafi da bod ko kad. Nemi na kamfanin da aka sani irin su Corsair ko Seasonic ko Cooler Master mai tambarin 80 Plus, wato shaidar ba ya ɓarnar wuta da yawa, ka duba yana da wayar da kad ɗinka ke buƙata, fil 6 ko fil 8. In tsoho ne da aka shigo da shi daga Amurka, leƙa bayansa, wasu suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230, wutarmu 230 ce, in ka jona shi yana kan 115 nan take zai yi ƙara ya yi hayaƙi. Sannan ka saka kuɗin UPS, na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta, cikin lissafi tun farko, ba sai daga baya ba. Haka kuma tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP, da yawansu wayar wutarsu da siffar bod ɗinsu na gida ne, ba sa karɓar fawa ko kes na kasuwa kai tsaye, kar ka saya da niyyar kwashe kayan ciki ka zuba a wani kes sai ka bincika.

To an kawo kaya gida. Kar ka fara ɗaure komai a kes, ɗora bod ɗin a kan kwalinsa, saka farosesa da fankarta da ram ɗaya, jona wayar fil 24 da ta fil 8 ta farosesa wadda ke can sama ta hagu, ita ce ake yawan mantawa. Cire ledar da ke manne a ƙasan fankar, ɗiga man farosesa, wanda ke kai zafinta ga fankar, kaɗan a tsakiyar farosesar. Babu maɓallin kunnawa tunda ba kes, sai ka nemo filoli biyun da aka rubuta PWR SW a ƙasan bod, ka taɓa su tare da bakin sukundireba na daƙiƙa ɗaya, za ka ga fanka ta juya.

In ba abin da ya motsa sam, duba makunnin bayan fawa, duba soket ɗin bango, sake danna wayar fil 24 har maƙallinta ya kama. In fanka na juyawa amma monita baƙi, ram za ka fara zargi, cire shi ka mayar ka danna gefe biyun har ka ji ƙas, bai yi ba canza rami, bai yi ba gwada ɗayan. Sai ka duba ina ka jona wayar HDMI ta monita, in akwai kad to jikin kad ɗin za ta shiga, ba jikin bod ba. Bod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu, CPU ta farosesa, DRAM ta ram, VGA ta kad, BOOT ta ma'ajiyar da kwamfuta ke tashi daga gare ta, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna maka inda matsalar take. AM5 kuma tashin farko yakan ɗauki wasu mintuna monita na baƙi yana daidaita ram, ka yi haƙuri kar ka kashe. Duk an yi ba sauyi, zare wuta ka cire ƙaramin batirin bod, CR2032, ka jira kaɗan ka mayar. Abu ɗaya dai za ka riƙa canzawa a lokaci guda, in ka taɓa uku tare ba za ka san wanne ya gyara ba.

In ta yi aiki a kan kwali amma ta ƙi bayan ka ɗaure ta a kes, duba ƙananan ƙafafun da bod ke zama a kai, wataƙila akwai ɗaya a inda babu rami yana taɓa bayan bod. In tana tashi sai ta mutu bayan ɗan lokaci, shiga BIOS ka kalli zafin farosesa, in yana ta hawa ba ta aikin komai to fankar ba ta zauna daidai ba. In kuma sai an buɗe gem ko aiki mai nauyi take mutuwa, ari fawa mai kyau wajen wani ka gwada, ta tsaya lafiya to ka ɗauki naka da rasit ka mayar shagon kafin kwanakin garantin da suka rubuta maka su cika.