Yadda Ake Bin Tsohuwar Hanyar Nakasendo Daga Magome Zuwa Tsumago

Nakasendo ɗaya ce daga cikin manyan hanyoyi biyar na Japan a zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868. Ta taso daga Edo, wato Tokyo ta yau, ta ratsa duwatsun tsakiyar ƙasar har Kyoto, kuma tana da zango 69 inda sarakuna da 'yan rakiyarsu da fatake suke sauka su kwana. Kwalta ta binne yawancinta, amma a kwarin Kiso, tsakanin zangon Magome da na Tsumago, akwai kimanin kilomita 8 da har yanzu ake takawa da ƙafa.

Da farko ka zaɓi inda za ka faro, kuma shawarata ita ce Magome. Garin ya fi Tsumago tudu, saboda haka hawan da ke gabanka gajere ne, sauran tafiyar kuwa gangara ce. Daga Nagoya ka shiga jirgin ƙasa zuwa Nakatsugawa, sannan ka hau bas na kusan rabin awa. Mai ƙarfin gwiwa yana iya farowa tun daga Ochiai, zangon da ke kafin Magome, inda hanyar ta bi cikin kurmi a kan shimfiɗaɗɗun duwatsu na tsawon mita 840.

Da ka isa Magome, ka kai jakarka ofishin masu yawon buɗe ido da safe. Daga bazara zuwa kaka, suna karɓar kaya a kan ɗan kuɗi kaɗan su kai maka ofishin Tsumago. Ka riƙe ruwan sha da rigar ruwa da tsabar kuɗi kawai.

Batun takalmi ne ya fi cancantar kulawa. An shimfiɗa duwatsun nan ne a wuraren gangara domin kada ruwan sama ya zaizaye hanya, ya mayar da ita taɓo a ƙarƙashin mutane da dawaki, ba domin jin daɗin tafin ƙafa ba. Ba su daidaita da juna ba, ga gansakuka a inuwar itatuwa, don haka idan suka jiƙe santsinsu ya kai na sabulu. Ka sa takalmi mai ƙwaƙƙwaran ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, ka rage faɗin taku a gangara, ka kuma riƙa ɗora ƙafa a tsakiyar dutse maimakon gefensa.

Bayan ka haura titin Magome, hanya za ta bi ta gonaki da ƙananan ƙauyuka, tana tsallaka titin mota lokaci-lokaci, har ta kai mashigin Magome, wuri mafi tudu a tafiyar, mai tsayin kusan mita 800. A hanya za ka riƙa ganin ƙararrawa rataye a jikin turaku. Ka kaɗa kowacce, domin akwai dabbar beyar a dazukan, kuma ƙarar ce ke sanar da ita cewa mutum na tafe. Jim kaɗan bayan mashigin akwai tsohon gidan shayi inda ake tarbar matafiya, a zuba musu shayi, su kuma su ajiye abin da ya sawwaƙa. Can gaba, ɗan ratse zai kai ka magangarun ruwa biyu, Odaki da Medaki, wato namiji da mace.

Awa uku sun isa, har da hutu. Tsumago kuwa ka ba ta lokacinta, domin mazaunanta sun ɗaukar wa kansu alkawari uku game da tsofaffin gidajensu na katako: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. Kafin ka shagala da kallo, ka karɓi jakarka, ka duba lokacin bas na ƙarshe zuwa tashar jirgin Nagiso, domin wanda ya rasa shi sai ya ƙara tattakin kusan awa guda.