Shawara ga 'yan mastas na zanen gine-gine

Jama'a don Allah mu daina rubuta babin tiyori daban sannan mu zo mu zana abin da dama can shi muke so, malamai suna ganewa fa, ranar difens, wato ranar kare aikinka a gabansu, tambaya ɗaya za ta kwance mutum. Duk ra'ayin da ka ɗauko ka tambayi kanka, me zai canza a filan ɗina? In bai taɓa inda ƙofa take ba, ko faɗin hanya, ko shigar iska da haske, ajiye shi kawai.

Ɗauki Kevin Lynch, masanin tsara birane, a 1960 ya nuna mutane na gane gari da abubuwa biyar, hanyoyi, iyakoki, unguwanni, mahaɗa da alamomin kwatance. To wannan ba na hadda ba ne, je wurin da za ka yi wa zane ka sa mazauna su zana maka taswirarsa da ka, inda duk suka manta ba su saka ba nan aikinka yake.

Kuma masani ɗaya ko biyu ya isa, ba sai ka tara goma ba. Kowane zanen gwaji ka rubuta a gefensa ra'ayin da ya haife shi da kwanan wata, zai rage maka wahala sosai wajen rubuta tesis.