Tsinkar inabi a Faransa: a ga takarda kafin a ɗauki almakashi

Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, masu gonakin inabi a Faransa neman ma'aikata suke ruwa a jallo. Yankin Shamfen kaɗai yakan ɗauki mutum sama da 100,000, domin can doka ta hana tsinka da inji. Tun farko ku sani, yawancin inabin nan na giya ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi gonakin inabin ci, irin na Moissac ko na gindin dutsen Ventoux.

Ku nemi aikin ta France Travail, ofishin gwamnati na neman aiki, ko ku je wurin mai gona kai tsaye. Kwangilar tsinka ba ta wuce wata guda. Ana iya sake wata, amma jimilla kada ta haura wata biyu cikin wata 12. Ɗalibi baƙo mai katin zama a ƙasar, aikin awa 964 aka yarje masa a shekara, har da na gona a lissafin. Wajibi ne mai gona ya sanar da MSA, asusun inshorar ma'aikatan noma, kafin ku fara. Ku karɓi kwafin takardar ku adana, don in kun yanke yatsa ko zafi ya kayar da ku, ita ce shaidarku.

Inda aka fi cutuwa shi ne hannun dillalan da ke kwasar mutane a mota daga Paris da alƙawarin baki. A 2023 an iske 'yan Afirka ta Yamma fiye da 50 cunkushe a wani rusasshen gida a Shamfen, kuma a 2025 kotun garin Châlons da ke yankin ta yanke wa masu hannu hukuncin ɗauri. Ku tambayi wurin kwana, da nawa za a cire na abinci, da ko biyan na awa ne ko na kilo. Ko na kilo ne, kuɗin bai halatta ya gaza mafi ƙarancin albashi ba. Ku riƙa rubuta awanninku kullum da yamma.

Aikin durƙuso ne. Ku tallafe nonon inabin da tafin hannu ta ƙasa, sannan ku datse, kada yatsa ya kusanci bakin almakashi. Ganye da ruɓaɓɓu ba sa shiga bokiti. Kwana uku na farko baya da gwiwa za su yi tsami, nan ne da yawa ke gudu. Wanda ya jure har ranar ƙarshe ya bar lambarsa, shi mai gona ke fara kira baɗi, wani lokaci ma tun aikin sassabe rassa na hunturu.